Kafin a Ƙara Sayen Motoci, a Saya wa 'Yan Sanda Firji



Duk wanda ya taɓa shiga caji ofis a Najeriya ya ga motoci da babura da aka kama suna ruɓewa a rana. Wannan wanda ido ke gani ke nan. To ina ga rigar da jini ya ɓata, ko wuƙar da aka tsinta kusa da gawa?

Jini ba ya jure zafi da danshi. In aka cusa jiƙaƙƙiyar riga a leda aka ɗaure, cikin 'yan kwanaki za ta yi funfuna, ƙwayoyin halittar da za su tona asirin mai laifi su lalace. Ƙa'ida ita ce a busar da ita, a sa ta a jakar takarda a liƙe, a rubuta sunan duk wanda ta bi ta hannunsa da ranar da ya karɓa. Jinin da aka ɗiba a kwalba kuma firji yake buƙata, wanda wuta ba ta yanke masa. In aka yi sakaci da ɗaya, lauyan wanda ake tuhuma ya samu ƙofa.

Idan shaida ta lalace, me ya rage a hannun mai bincike? Sai neman a amsa laifi, kuma mun san yadda ake samo shi a wasu wuraren, duk da dokar hana azabtarwa ta 2017. Wanda bai ji ba bai gani ba ya amsa don ya huta da duka, mai laifin na gari yana yawonsa. Ga kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi.

Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a 2017, sai aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. Ko da tana aiki, ɗan sandan Gusau ko Damaturu sai ya yi doguwar tafiya da kayan shaida kafin ya isa.

Ba a rasa inda kuɗi za su fito ba. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wadda ta ware masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya. Gwamnoni ma suna raba motocin sintiri a yi biki a ɗauki hoto. Mota na da amfani, amma kamawa kawai take yi, ba ta tabbatar da laifi a gaban alƙali.

Shawarata ita ce a fara daga ƙasa. Kowace rundunar jiha ta samu ɗakin ajiyar shaida mai makulli da rajista, da firji mai aiki da hasken rana, da jami'an da aka horar. Kowace shiyya ta samu ɗakin gwaji guda, a kuma ware kuɗin sinadarai da gyara duk shekara, don kada injinan su zama kayan kallo.

Mu tambayi 'yan majalisarmu wannan idan lokacin kasafin kuɗi ya zo. Ɗan da za a tsare bisa kuskure gobe zai iya zama naka.

Allah Ya kare mu daga zalunci.