Ka Zauna, Ba Kai Kaɗai Ka Sayi Tikiti Ba

Duk wanda ya miƙe tsaye a gaban mutumin da ke zaune a filin ƙwallo, ya ƙi komawa kujerarsa har aka tashi wasa, ya ci haƙƙin wannan mutumin, kuma ba zan nemo wata kalma mai taushi in lulluɓe maganar ba. Na bayanka ya biya kuɗin mota, ya bi layi cikin rana, ya sayi tikiti da irin kuɗin da ka sayi naka, don ya ga 'yan wasa 22 da ƙwallo ɗaya. Ka zo ka kafa masa ƙeya, minti 90 ba abin da ya gani sai lambar da ke bayan rigarka. Abin da ya saya da guminsa ka ƙwace, kuma ko a jikinka.

Kada wani ya juya mini magana. Kowa na zabura idan aka zura ƙwallo a raga. Kowa na tashi idan ɗan gaba ya yanke na baya ya nufi gola, ko alƙali ya busa fanareti ana dab da tashi. Wannan tashin babu mai ƙorafi a kansa, don na bayan ma ya tashi, ana gama murna kuma kowa ya koma mazauninsa. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ya kafe tun kafin a take wasa. Ƙwallo na tsakiyar fili yana tsaye, ana duba ɗan wasan da ya ji rauni yana tsaye, an yi masa magana sau uku yana tsaye.

Na ga yadda abin ke yaɗuwa a wani fili a nan Arewa. Wasu samari a sahun gaba suka miƙe. Na bayansu suka yi magana ba a kula su ba, su ma suka miƙe. Kafin ka ce kwabo tsayuwar ta haura har saman dakali, kowa ya tashi don na gabansa ya tilasta masa. A gefena akwai wani dattijo da jikansa, yaro ɗan shekara bakwai ko kusa da haka, rigar ƙungiyar ta sauko masa har gwiwa. Dattijon ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar saurayin da ke gabansa ya ce, "Ɗana, don Allah ka ɗan zauna, yaron nan ba ya gani." Saurayin ko juyowa sosai bai yi ba. "Baba, nan filin ƙwallo ne fa, ba wajen ɗaurin aure ba. Mai son zama ya kalla a gida." Abokansa suka bushe da dariya. Dattijon ya ɗaga yaron ya saɓa a wuya, ya daure iya ƙarfinsa, sai na baya suka fara daka masa tsawa shi ma, ya sauke shi. Sauran wasan yaron a ƙasa ya ƙarasa shi tsakanin ƙafafun mutane, yana murza ledar ruwa, yana tambayar kakansa wa ke da ƙwallo. Kakan ma bai sani ba.

Amsar saurayin nan ce ta fi ƙona mini rai, don ita ce hujjar masu tsayuwa a ko'ina, daga nan har Landan: wai su ne magoya baya na haƙiƙa, su ke waƙa, su ke ba fili armashi, mai zama ɗan kallo ne kawai. Wa ya naɗa su alƙalan son ƙungiya? Dattijon da ya fara zuwa fili tun ba a haife ka ba, ya ga ƙungiyar ta faɗi ta tashi a gaban idonsa, yau gwiwa ta hana shi tsayuwa, shi za ka kora gida? Mai keken guragu fa, wanda idonsa a daidai ƙugunka yake, ya zai yi? Mai ciwon baya, da mace mai juna biyu, da gajere, da yaron da yau aka fara kawo shi? Idan aka bi hujjarka, fili zai koma na ƙarti masu tsayi kaɗai, kuma kai ma ranar da gwiwarka ta gaji wani yaro zai nuna maka hanyar gida.

Na yarda ihu ya fi daɗi a tsaye. Mai kiɗan ganga da mai busa ba za su yi a zaune ba, kuma fili in babu su lami ne. Son tsayuwar tasu halal ne, wurin da suke yin ta ne ba nasu ba. Shi ya sa rabin fushina na masu kula da filaye ne, waɗanda ke karɓar kuɗin mai son tsayuwa da na mai son zama, su zuba su a layi ɗaya, su juya baya.

Ingila, wadda muke raba dare muna kallon gasarta, ta shafe kusan shekara 30 tana yaudarar kanta a kan wannan batu. Ranar 15 ga Afrilun 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest, 'yan sanda suka buɗe wata ƙofar fita don rage cunkoson waje. Jama'a suka kwarara cikin wuraren tsayuwa biyu da tuni suka cika maƙil, ga shingen ƙarfe a gabansu. Mutum 97 suka rasa rayukansu sanadiyyar wannan matsi, na ƙarshensu ya cika a 2021 bayan shekara 32 yana jinya. Rahoton farko na Mai Shari'a Taylor, wanda ya binciki lamarin, ya ɗora babban laifin a kan gazawar 'yan sanda wajen sarrafa jama'a, kuma binciken kotu da aka sake ya tabbatar a 2016 cewa magoya baya ba su da laifi. Amma rahotonsa na ƙarshe, na Janairun 1990, ya ba da shawarar a mayar da filaye na kujeru zalla, aka ɗebar wa ƙungiyoyin manyan rukunai biyu wa'adin Agustan 1994.

An kafa kujeru, kuɗin tikiti ya haura, tsayuwa kuwa ba ta je ko'ina ba. Dubban mutane suka ci gaba da ita, yanzu a gaban kujerun. Dokar fili ta hana dogewa a tsaye ana cikin wasa, masu gadi na kallo, babu wanda zai iya zaunar da ɓangare guda na fili da fatar baki. Sai aka bar doka a takarda. Wanda ya kwana ciki shi ne mutumin da ya gaskata tikitinsa, ya ɗauka kujerar da ya biya za ta nuna masa wasa. Kuma tsayuwa a tsakanin kujeru tana da nata haɗarin, don bayan kujerar gabanka a daidai ƙwaurinka yake. Ana cin ƙwallo aka ingizo ka daga baya, sai ka kife a kan na ƙasa.

Abin da ya faru da West Ham ya isa darasi. A 2016 ƙungiyar ta bar Upton Park, gidanta na shekara 112, ta koma filin da aka gina don gasar Olamfik ta Landan. A tsohon gida kowa ya san lungun masu tsayuwa da na iyalai, shekaru sun tace su. A sabon fili aka cakuɗa su. Watan Satumban 2016, ranar da Watford ta doke su da ci 4 da 2, magoya bayan ƙungiya ɗaya, sanye da riga iri ɗaya, suka dinga kai wa juna naushi a gaban yara ƙanana. An ɗauki lokaci ana taƙaita yawan 'yan kallon filin a 57,000, kuma dogewa a tsaye na cikin dalilan da suka sa aka ƙi ƙara musu. Wato taurin kan masu tsayuwa har waɗanda ke waje suna neman tikiti ya shafa.

Maganin kuwa yana nan a fili tun tuni. Jamus ba ta taɓa rufe wuraren tsayuwa a gasarta ba. A Dortmund, ɓangaren kudu na filin kaɗai yana ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye, duk wanda ya sayi tikitin wurin ya san abin da ya saya, mai son zama kuma ga sauran ɓangarori uku. Celtic ta birnin Glasgow ta buɗe nata wurin a 2016, kowane layi da ƙarfen dafawa a gabansa yadda ba wanda zai rufto kan wani. Ingila sai a Janairun 2022 ta sauko, aka fara gwaji a filayen Manchester United, Manchester City, Chelsea, Tottenham da Cardiff, wasan farko shi ne wanda Chelsea da Liverpool suka tashi 2 da 2. Kowane mutum da gurbinsa da lambarsa, ba a cusa biyu a wurin ɗaya. Daga kakar 2022 zuwa 2023 aka buɗe ƙofa ga duk ƙungiyar da ta cika sharuɗɗa.

To, duk inda aka ware wa mai tsayuwa wurinsa, uzurinsa ya ƙare. Amma kunna talabijin ranar Asabar ka dubi ɓangaren baƙi a kusan kowane wasan Firimiya. Daga sahun farko har na ƙarshe kowa a tsaye, ko da ƙarfen dafawa ko babu. Tsohon da ya yi shekaru yana bin ƙungiyarsa gari gari, ko ya daure a tsaye awa biyu, ko ya haƙura da tafiyar. Kyamara na haska su ana yabon zafin goyon bayansu, ba ta nuna waɗanda suka daina zuwa.

Kada kuma wani jami'i ya fake da kujera ya ce ya gama aikinsa. A Accra, ranar 9 ga Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, kujeru aka ɓalle aka yi jifa da su, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, sama da 120 suka mutu. Kujera ba ta tsare ran kowa idan ƙofa a kulle take, ko matattakala ta cika da 'yan tsaye.

Mu dawo gida. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun san ƙa'idar nan sarai, muna kuma bin ta kullum a gidan kallon ƙwallo na unguwa. Gwada miƙewa a bencin gaba ana tsakiyar wasan Arsenal da Manchester United. Kafin ka gama miƙe gwiwa an yi maka ca: "A zauna! Malam, ka kare mana!" Ka yi gardama, mai gidan da kansa zai zo ya nuna maka ƙofa, don ya san duk wanda ke cikin rumfar kuɗi ɗaya ya ba shi, kuma in ya bari aka cuce su gobe gidan maƙwabcinsa za su. Wanda ya fi son tsayuwa ya san wurinsa, can baya jikin kwano. Mutumin da jarinsa janareta ne da talabijin biyu ya tsara wannan ba tare da kwamiti ba. Filin da gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta gina ya gagara.

Kuma na san dalilin gagarar. Waɗanda ke da ikon gyarawa a rumfar manya suke zama, cikin inuwa, ga ɗan sanda a bakin matattakala. Ba a taɓa kafa musu ƙeya ba. Da a ce sau ɗaya wani ya miƙe a gaban babban baƙo ya ce masa mai son zama ya kalla a gida, da kafin wasa na gaba an fito da doka. A ɓangaren talakawa kuwa tikiti ba lambar kujera, inda aka rubuta lambar ma ba mai dubawa. Mutane na zaune a kan matattakala, wasu na tsaye a hanyar wucewa, wasu sun taka kujerun roba da takalma don su hango ta saman kan na gaba, har kujerun su tsattsage a ce 'yan kallo ba su da tarbiyya. Masu gadin da ya kamata su fuskanci jama'a sun ba su baya suna kallon wasa. Sannan a dawo ana tambayar me ya sa magidanci ba ya kawo iyalinsa kallon ƙwallon gida. Ya kawo su su ga me?

Kada a ce mana sai an samu kuɗin Turai. Fenti da igiya da mutum mai gaskiya a bakin ƙofa sun isa a fara. A ware bayan raga ga masu ganga da masu waƙa, a kafa musu ƙarfen dafawa, a ƙidaya iya waɗanda wurin zai ɗauka, su yi tsalle har a tashi ba mai ce musu uffan. A rubuta a jikin tikiti, da Hausa, na tsaye ne ko na zaune. A keɓe wa masu keken guragu da dattawa da masu yara wurin da aka ɗaga, yadda ko na gabansu ya zabura za su gani, a kuma daina bari ƙarti su mamaye shi. A ɓangaren zama, wanda ya doge a tsaye a gaya masa sau ɗaya cikin mutunci, in ya ƙi a fitar da shi, ko ɗan wane ne, ko da shi ne ya fi kowa murya. Wanda kuma ya fito riƙe da tikitin zama bai ga wasa ba, a mayar masa da kuɗinsa a bakin ƙofa tun kafin a kasafta abin da aka tara.