Wa Ya Biya Bashin Malam Shehu?

Tambayi duk ɗalibin da ya karanta Jiki Magayi mene ne darasin littafin, zai amsa maka ko kai bai ɗaga ba: wanda ya shuka mugunta shi zai girbe ta. Haka aka koyar, haka aka haddace. Ni dai ban yarda ba. Wannan fassara lallashin kai ce kawai, littafin ya fi ta ɗaci nesa ba kusa ba.

John Tafida da Rupert East suka rubuta shi, yana cikin littattafai biyar da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A garin Galma, attajiri Malam Shehu ba shi da haihuwa, sai ya ƙyalla ido kan Zainabu, wadda Abubakar ke nema. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure. Masu cewa marubutan soyayya na Kano ne suka jawo mana zancen auren kuɗi a shekarun 1980, su koma su duba. Abubakar ya bar gari, ya sha wuyar daji har ya samo asiri, ya dawo.

To, wa ya jefa da asirin? Ba Shehu ba. Ɗan da Zainabu ta haifa ya nufa, Abdullahi, wanda ake kira Kyauta, yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba ranar da aka yi ƙwacen. Shi ya tashi maƙaryaci, ɓarawo, abin kunyar gidansu. Shi ya bi manyan ɓarayi ya shiga duniya, har ya kashe mahaifinsa garin sata bai san ko wane ne ba.

Za a ce ai Shehu ya mutu, Abubakar ma bai ƙare da kyau ba, ga sakamako nan. Na ji. Amma a yi lissafin da gaskiya. Shehu ya auri wadda yake so, ya ga ɗan da ya daɗe yana roƙo. Abubakar ya cika burinsa tsaf, mutuwa kuma ta ɗauke shi kafin hannun Kyauta ya kai gare shi. Wanda aka bari da rai, da jinin uba a wuyansa, shi ne wanda ba a taɓa shawara da shi ba. Zainabu fa? An yi takara a kanta, ta ga lalacewar ɗanta, ta rasa miji ta hannunsa. Wanda ya haɗa asirin kuwa, yana can dajinsa lafiya lau.

Ba musun hisabi nake yi ba, wannan na Allah ne kuma ba ya kuskure. Maganar duniya ake yi, inda littafin ya nuna ƙarara cewa mai cin bashi daban, mai biya daban. Illar waccan haddar ita ce tana koya mana juya lissafi: in kowa abin da ya shuka yake girba, ashe duk wanda muka gani cikin wahala shi ya jawo wa kansa. Da wannan tunani muke kallon yaron unguwa da ya faɗa shaye-shaye ko ƙwacen waya. A taru a la'ance shi, a ce uwarsa ba ta yi tarbiyya ba. Uban da ya sake ta da goyo don ya samu kuɗi ya hango wata, yana zaune a majalisa kan tabarma, har da shi ake girgiza kai ana cewa yaran zamani sun lalace.