Sharhi: Ina Za Mu Kai Maganin da Wa'adinsa Ya Ƙare?

Duk mai sayar da magani, daga shagunan Dichemso da Aboabo a Kumasi har zuwa kasuwannin Aflao, Paga da Bawku, ya san wannan matsala: kaya sun yi kwantai, ranar da ke jikin kwali ta wuce, jari kuma ya riga ya shiga. To, ina za a kai su?

Hanyoyi uku muka saba gani, kuma babu ta kirki a cikinsu. Wasu kan zubar a kwata, ruwan sama ya kwashe zuwa rafin Aboabo. Wasu kan tara a bayan shago su cinna wuta, makwabta su shaƙi hayaƙin roba mai guba. Mafi muni su ne masu karya farashi su tura kayan ƙauyukan bakin iyaka, inda mai saye ba ya iya karanta kwali. Maganin zazzaɓin da ƙarfinsa ya ragu yana iya barin yaro da cutarsa, alhali iyaye na ganin sun yi magani.

Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hanya mafi inganci ita ce ƙonawa a tanderu na musamman mai zafin sama da digiri 1,200, zafin da wutar bola ba ta ko kusantarsa. A Ghana, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ce ta kafa hukumar FDA a matsayinta na yanzu, kuma a gaban jami'anta ake lalata irin waɗannan kaya. Idan ba a manta ba, haka NAFDAC ta riƙa yi wa jabun magunguna a Nijeriya zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008.

Sai dai abin tambaya shi ne, wa zai ɗauki asarar? Muddin ƙaramin ɗan kasuwa ne zai rasa jarinsa, ya kuma biya kuɗin mota zuwa wurin ƙonawa, to kayan za su ci gaba da bin ɓarauniyar hanya.

Don haka muna ganin ya kamata ƙungiyoyinmu na kasuwa su riƙa tara irin wannan kaya wuri guda su miƙa wa hukuma, su kuma gindaya wa manyan dillalai sharaɗin karɓar abin da ya kusa lalacewa tun ranar ciniki. Asarar kwali ana iya mayar da ita, ta rai kuwa ba ta da diyya.