Ciniki daban, riba daban

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu, daga Kantin Kwari har Dawanau, da ido suke auna arziki: in aljihu ya cika da yamma, to an ci kasuwa. Ni kuwa ina ganin nan ne asara ke ɓuya. Ɗauki misali: kayan da ke kawo ribar kashi 5 cikin 100 amma yana ƙarewa duk mako, cikin wata shida ya tara kusan kashi 130. Wanda ke kawo kashi 30 amma ya yi wata shida yana shan ƙura a shago, kashi 30 ɗin nan ke nan, ga hauhawar farashi tana cin uwar kuɗi. Alƙalami kaɗai ke tona wannan. A 1950 masanin ƙididdiga ɗan Amurka, Edwards Deming, ya koya wa masu masana'antun Japan auna kurakuran kayansu da alƙaluma, kuma ingancin kayan Japan ya zama abin kwatance. Alhaji, ba sai ka sayi kwamfuta ba. Littafi ɗaya ya isa: me ya shigo, me ya fita, kwana nawa ya yi, wa ke riƙe da bashi. Rabo na Allah ne, amma lissafi aikinka ne.