Tanadi a Bakin Iyaka: Abin da Illela Ke Koya wa Mai Albashi

Ranar Lahadi a kasuwar Illela, ɗan kasuwar da ya kawo shanu ko buhunan wake yakan fara da tambayar farashin sefa tun kafin ya yi ciniki. Nawa ake canza jaka yau? A wajen mutanen Ƙwanni da ke hayin iyaka, jaka ita ce sefa 1,000, wato dala 200 a lissafinsu na dala mai tamma biyar. Amsar wannan tambaya ce ke nuna masa ko ribar makon jiya tana nan ko ta zube. Mutumin da ke rayuwa tsakanin kuɗi iri biyu ya san cewa adadin da aka rubuta a jikin takardar kuɗi daban, abin da takardar za ta saya kuma daban. Wannan sani ne ma'aikacin ofis a Sakkwato ko Kano ya fi buƙata a yau.

Shawarar da aka saba ba mai albashi ita ce ya rage kashe kuɗi ya riƙa ajiye wani kaso a banki. Shawara ce mai kyau a lokacin da kuɗi ke riƙe darajarsa, amma shekarun nan sun nuna iyakarta. A 2019 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 30,000 ne, wanda a canjin lokacin ya kusa jaka hamsin ta sefa. A Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000, amma a canjin wannan shekarar bai kai jaka talatin ba. Albashi ya ninka fiye da sau biyu a takarda, ƙarfinsa a bakin iyaka kuwa ya ragu da kusan rabi. Dalilin a fili yake: sefa ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa an sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu. Zuwa Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya danne sha'awarsa ya ajiye naira 100,000 tsawon shekara, ya wayi gari tana sayen abin da naira 74,000 ke saya a da. Ya yi tsimi, amma tanadinsa ya yi yoyo.

Illela ta ɗanɗana wani darasin kuma, wanda ya shafi hanyar samu. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Illela. A Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, iyakar ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024. Tsakanin waɗannan rufewa biyu, sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane. Cikin shekara biyar, gari ɗaya ya ga an toshe masa hanya sau biyu, ya kuma ga kuɗin hannu ya ɓace sau ɗaya. Direba da ɗan dako da ɗan canji, duk wanda cinsa ya rataya ga wucewar mota ta shingen kwastan, ya ji a jikinsa. Wanda ya fi samun sauƙi shi ne mai ƙofa ta biyu: ɗan fegin albasa a fadamar Kalmalo, ko tumaki a bayan gida, ko gero a rumbu.

Daga nan ne ma'anar tanadi ta gaskiya take fitowa. Aikin mai tanadi shi ne ya mayar da abin da ya rage masa zuwa siffar da za ta biya buƙatar da ya san tana tafe, kuma kada ya tara komai wuri guda. Buƙatun gida sanannu ne: abinci, kuɗin makaranta, haya, ragon layya, magani. Gero da dawa da wake sun fi araha da kaka, su yi tsada da bazara zuwa tsakiyar damina. Ma'aikacin da ya sayi hatsin gidansa na wata shida a Nuwamba ya kare wannan kaso na albashinsa daga hauhawar farashi. Wanda ya sayi ɗan rago watanni kafin Babbar Sallah ya kiwata, ya tsira daga farashin jajibere. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya wuce buƙatun kusa kuma yana da wuraren da suka dace da mai gudun riba, kamar takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017.

Adashi ma yana buƙatar sabon lissafi. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum ajiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a adashin mutum goma sha biyu na wata-wata, mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da darajarsa ta ragu, alhali mai kwasar farko ya riga ya mayar da nasa kaya. Adalci shi ne a gajarta zagayen, ko a riƙa juya jerin masu kwasa, wanda ya zo ƙarshe bana ya fara baɗi.

Akwai ƙorafi biyu da za a iya yi wa wannan ra'ayi, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko shi ne cewa kaya ma suna lalacewa. Ƙwari na cin wake, albasa na ruɓewa, kuma a gabashin Sakkwato ɓarayin daji sun mayar da garken dabbobi abin da ke jawo wa mai shi hatsari. Sefar ma ba ta da tabbas: a Janairun 1994 an karya darajarta da rabi a dare ɗaya, waɗanda suka dogara da ita kaɗai suka yi asara. Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma ƙarfafa hujjar yake yi. Tunda kowace ma'ajiya tana da ɓarawonta, hikima ita ce a rarraba: kaɗan a asusu don larurar gaggawa, kaɗan a hatsi, kaɗan a abin da ke haihuwa ko kawo riba.

Ƙorafi na biyu na addini ne da mutunci: shin wannan ba ɓoye abinci ba ne? Malamai sun bambanta tsakanin mai ajiye abincin iyalinsa da mai kwashe hatsin kasuwa lokacin ƙunci don ya tsawwala farashi. Na farko halal ne, kuma ƙissar Annabi Yusuf da ajiyar shekarun yalwa domin shekarun fari tana goyon bayansa. Na biyu zalunci ne. Ma'aunin shi ne bakunan da ke cikin gida: abin da za su ci shi ne iyakar tanadin.

Saura abu guda da ya fi wuya, wato kunya. Kuɗin ma'aikaci da yawa yana tafiya ne wajen kare suna: lefen da ya fi ƙarfin aljihu, anko a kowane biki, waya sabuwa duk shekara. Zumunci wajibi ne, amma gudunmawar da aka ciyo bashi aka bayar tana cin abincin watan gobe. Ware wa zumunci kaso sananne a farkon wata ya fi a bar shi ya cinye abin da ya samu.

Dillalin Illela ba ya auna arzikinsa da yawan takardun da ke aljihunsa. Yana auna shi da buhu nawa, kai nawa, jaka nawa. Ma'aikacin da ya karɓi albashi a ƙarshen watan nan zai amfana idan, kafin ya taɓa ko kwabo, ya lissafa tiya nawa ta gero kuɗin zai saya yau, ya rubuta adadin, sannan ya sake lissafawa bayan wata uku.