Waiwaye: Buhun shinkafa da lambar mita

A watan Oktoban 2020, zanga-zangar EndSARS ba ta gama lafawa ba sai hotuna suka cika wayoyi: jama'a sun haye rufin wani katafaren sito a Bukuru, kusa da Jos, sun yaye kwano suna jefo buhuna ƙasa. Aka yi irin wannan wawaso a Legas, Kaduna, Yola, Jalingo da Gwagwalada. Kwalayen taliya da buhunan shinkafa da sukari da aka kwasa, da yawansu na ɗauke da tambarin CACOVID, gamayyar 'yan kasuwa da bankuna da su Aliko Dangote suka kafa a watan Maris don tallafa wa talaka lokacin kullen korona. Wato abincin da aka saya saboda yunwar Afrilu yana nan a kulle har bayan an yi girbi. Gwamnoni suka ce ba ɓoyewa suka yi ba, wai ana jiran a kammala tsarin rabo, wasu kuma suka ce tanadi ne don zagaye na biyu na cutar. Wani ɗan majalisar jiha a Legas, da aka samu kayan a gidansa, cewa ya yi ranar bikin zagayowar haihuwarsa ya so ya raba.

Maƙwabta sun bi wata hanya, kuma ba mu cika tuna ta ba. A ƙarshen Maris na 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou ya sanar da cewa gwamnatin Nijar ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da na ruwa na masu ƙaramin ƙarfi na watannin Afrilu da Mayu. A Gana, Shugaba Akufo-Addo ya yafe kuɗin ruwa na wata uku, daga baya aka yi ta ƙara wa'adin. A ɓangaren wuta kuwa, gidan da ba ya wuce yunit 50 a wata gwamnati ta biya masa duka, sauran ta biya musu rabi.

Abin da ya bambanta hanyoyin biyu shi ne yawan hannun da tallafi ke bi. Kafin buhu ya isa tsakar gida sai ya bi ta hannun ɗan kwangila, da mai tirela, da mai gadin sito, da kwamitin jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, da kansila, sannan mai unguwa, kowanne kuma da nasa mutanen da yake jin kunyar hanawa. Kuɗin wuta ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Kamfani yana da lambar mitar kowane gida tun kafin annoba, ya san abin da gidan ke sha, sai a danna a kwamfuta bil ya fito babu komai. Ba layi cikin rana, ba turmutsutsu, ba hoton gwamna a jikin kwali, kuma magidanci bai zubar da mutuncinsa a gaban 'ya'yansa ba. A ganina darasin ke nan: tallafin gaggawa yana gudu ne a kan hanyar da aka riga aka shimfiɗa lokacin zaman lafiya. Ranar da masifa ta sauka ba ranar fara rubuta sunaye ba ce.

Najeriya ma ta yi sha'awar wannan hanya ta mita. Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kawo shawarar wuta kyauta ta wata biyu. Aka yi taro, aka yi ta jayayya kan wanda zai biya kamfanoni, magana ta bi ruwa. Ko da an amince, ta yaya za a yi? A lokacin, fiye da rabin masu amfani da wuta ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu. Da Satumba ya zo ma, ƙarin kuɗin wuta aka yi.

Amma kada a ɗauka mita waliyyiya ce. Wanda ke da ita kaɗai take ceto. A Nijar a lokacin, masu wutar kamfanin NIGELEC ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, saboda haka manomin karkarar Maraɗi ko Damagaram a rediyo kawai ya ji labarin rangwamen. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a wajen 'yan garuwa, wadda ita ce ta fi kowa biyan ruwa da tsada, ba ta da bil ɗin da za a yafe mata. A zangunan Gana irin su Nima akwai wani ƙulli kuma: gidan haya mai ɗakuna da yawa, iyali barkatai, mita ɗaya. Kowane ɗaki ƙwan fitila ne da fanka, amma idan aka haɗa sun zarce yunit 50 nesa ba kusa ba, sai lissafi ya jefa su sahun masu hali. Sannan kyautar ba ta tafi a banza ba, don a 2021 gwamnatin Gana ta ɗora harajin korona na kashi 1 cikin 100 a kan kayayyaki, wanda mai famfo da marar famfo duk suka biya.

Da aka cire tallafin man fetur a 2023, an samu damar gwada abin da aka koya. Gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha naira biliyan 5 da tirelolin shinkafa, ta hannun gwamnoni dai, ta sito dai. A watan Maris na 2024, a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ɗalibai biyu suka rasu a turmutsutsun rabon shinkafa.