Manchester United: A gyara masu zaɓe kafin a koma kasuwa

Kashin da Tottenham ta ba Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na gasar Europa a Bilbao, ranar 21 ga Mayun 2025, shi ya ƙara dagula kakar da magoya baya ba su ga irinta ba tun da aka fara Firimiya: matsayi na 15, maki 42, an sha kashi sau 18. Tun kafin kasuwar 'yan wasa ta buɗe a lokacin, har an fara jera sunayen waɗanda za a sayo. Mu a wannan jarida muna ganin ruwa ba ya tsami banza. Ciwon ƙungiyar nan yana wurin masu zaɓen 'yan wasa, kuma su ya kamata a fara gyarawa kafin a sake zaro ko fam ɗaya.

Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 har zuwa 2025, koci shida aka naɗa na dindindin, kowanne ya zo da salonsa, aka sayo masa mutanensa, aka sallame shi, aka bar wa magajinsa taron da bai dace da shi ba. Di María ya zo a 2014 kan kusan fam miliyan 60, bai wuce shekara guda ba. Pogba ya tafi kyauta a 2012, aka dawo da shi kan fam miliyan 89 a 2016, ya sake tafiya kyauta a 2022. Zamanin Erik ten Hag ya fi fito da abin fili. Antony da Martínez daga Ajax, tsohuwar ƙungiyarsa, aka ɗauko su, Onana da De Ligt da Mazraoui kuwa duk tsofaffin yaransa ne a can. Ƙungiya mai masu farautar 'yan wasa a faɗin duniya ta koma sayayya daga littafin mutum ɗaya. Aka tsawaita masa kwantiragi a Yulin 2024, aka kashe masa kuɗi, aka kore shi a Oktoba, sannan aka kawo Ruben Amorim mai tsarin 'yan baya uku, wanda ba don shi aka tara waɗannan 'yan wasa ba.

A duba kuma abin da aka zubar. Scott McTominay, wanda ya tashi a makarantar horon ƙungiyar tun yana ƙaramin yaro, an sallama shi ga Napoli kan abin da bai kai sulusin kuɗin Antony ba. Kwana biyu bayan daren Bilbao, shi ne ya tashi sama ya juya ya ɗirka ƙwallo a ragar Cagliari, Napoli ta ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Antony kuwa, da ya ci sama da fam miliyan 80, sai aro aka ba da shi ga Real Betis. Masu wannan lissafi su ne ke shirin sake riƙe jaka, don haka muke cewa a gyara masu zaɓe tukuna.

Wasu za su ce dole a ba koci mutanen da ya yarda da su, kuma ai Ten Hag ya kawo kofi biyu. Haka ne, amma ƙwallaye biyun da suka kayar da Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, Garnacho da Mainoo ne suka ci su, yaran da makarantar gida ta raina. Abin takaici, irin su ake fara kallo idan ana neman kuɗin cike giɓi. Iyalan Glazer, masu ƙungiyar, da suka ɗora mata bashi tun 2005, ba su taɓa ɗanɗana kuɗar wannan ɓarna ba. Jim Ratcliffe, da ya sayi hannun jari a ƙungiyar, ya shigo da alƙawarin gyara, sai ga shi ma'aikata 250 ne suka fara rasa abincinsu, aka ƙara kuɗin tikiti, darektan wasanni Dan Ashworth kuma ya tafi bayan wata biyar.

Matasan da ke cika gidajen kallo daga Kano zuwa Maraɗi, suna biyan kuɗin shiga daga guminsu, suna fita cikin dare da rigar ja da baƙin ciki, sun cancanci a yi musu gaskiya. A tsayar da salon wasa guda na ƙungiya, a ɗora zaɓen 'yan wasa a hannun ƙwararrun da za su amsa tambaya idan sun yi kuskure, a daina sayar da yaran gida don biyan kuren manya. Idan aka sake shiga kasuwa da masu zaɓen jiya, kaka mai zuwa ma haka za ta ƙare.